TSUFA DA MOTSA JIKI A MA'AUNIN KARIN MAGANA DA WAƘA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba irin hoton tsufa da lafiya da adabinmu ya zana, sa'an nan ta auna ko wannan hoto zai amfani mutumin yau. Dalili kuwa shi ne, masu wayar da kai a rediyo da asibitoci sun ɗauki karin magana tamkar kwandon da za a zuba kowane saƙo a ciki. Ni kuwa ina ganin ya kamata mu manazarta mu tsaya mu duba kwandon tukuna.

2.0 Abin da adabi ya faɗa

Idan aka ce lafiya uwar jiki, an nuna darajarta, amma ba a faɗi yadda ake riƙe ta ba. Haka nan rigakafi ya fi magani, sai dai a kunnen mutane da yawa rigakafi bai wuce laya ko allurar yara ba. A rubutacciyar waƙa ma, Mu'azu Haɗeja ya yi wa giya waƙa sukutum, amma jigonsa gargaɗi ne ta fuskar addini da mutunci. A waƙar baka kuwa, ƙarfin jiki na ɗan dambe ne da ɗan kokawa da manomi, kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago. Watau ƙarfi rabon saurayi ne.

Dattijo fa? Shi adabi ya ba shi hikima da hangen nesa, ya shimfiɗa masa buzu a zaure. Harshen yau da kullum ma ya ƙarfafa wannan. In mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu hutu, in ya rame a tambaye shi ko lafiya. Attajirin da aka gani yana tafiya a ƙasa sai a yi zaton karayar arziki ta same shi.

3.0 Dalilin wannan giɓi

Bai kamata mu ɗora wa magabata laifi ba. Mutanen da suka ƙagi waɗannan maganganu ba su san zama ba. Namiji yana noma da fartanya, mace tana daka da niƙa da ɗibar ruwa, fatake suna takawa daga Kano har Gwanja neman goro. Wanda rayuwarsa duka motsi ce, hutu yake marmari, shi ya sa adabinsa ya yabi hutu. Yau kuwa injin niƙa ya karɓe dutse, babur ya karɓe ƙafa, ma'aikaci yana wuni a kujera, amma yabon hutun nan yana nan daram.

4.0 Abin da bincike ya nuna

A 1953 Jeremy Morris da abokan aikinsa suka buga nazarin da suka yi kan ma'aikatan motocin haya masu bene na Landan. Sun gano cewa masu karɓar kuɗi, waɗanda ke hawa da sauka a matakala duk rana, ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba. A 2002 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa, a cikin mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, rage ƙiba da yawan tafiya sun rage kamuwar da kashi 58 cikin ɗari, a waɗanda suka kai shekara 60 kuwa da kashi 71.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kamar tafiya da sauri. Wanda ya kai shekara 65 kuma ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa kwana 3 a mako, don gudun faɗuwa. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, alhali dunƙulen ɗanɗano da ya cika tukwanenmu shi ma gishiri ne mafi yawansa. Ashe ke nan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda muke jingina wa tsufa ko iska, akwai hannun ɗabi'a a cikinsu.

5.0 Gyara

Wani zai ce ai muna da motsi ya fi laɓewa, da kuma zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Gaskiya ne, amma asalin waɗannan neman abinci suke nufi, ba lafiyar gaɓoɓi ba. Wanda ya rataya su a bangon asibiti ba tare da bayani ba, tsoho zai karanta ya ce ai shi ya gama nemansa. Aikin da ke gaban marubuta shi ne su zana sabon dattijo wanda takawa ba ta zubar masa da girma, mai zuwa masallaci da gona da ƙafarsa. Kada kuma a manta da tsofaffin mata, waɗanda jikoki suka ɗauke wa kowane aiki da sunan ladabi.

6.0 Kammalawa

Adabin da muka gada ya dace da jama'ar da ta yi shi, amma ya bar mutumin kujera ba majingina. Ina roƙon 'yan'uwa malamai, idan mun koyar da karin magana, mu riƙa tambayar ɗalibai wace irin rayuwa ta haife shi. Mai shekara talatin na yau shi ne tsohon gobe, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.