Karatun Shari'a Da Sanin Jama'a

A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don su horar da waɗanda za su zama alƙalai. A 1962 kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, karatun lauya ya sami mazauni a Kongo ta Zariya. Yanzu ɗalibi yakan shekara 5 a jami'a, sa'an nan ya ƙara 1 a makarantar horon lauyoyi. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma fa akwai gyara.

Gyaran kuwa shi ne, yawancin shekarun nan kan ƙare wajen haddace sassan doka da hukuncin alƙalai na da, sanin zaman mutanen da za a yi wa shari'ar ya zama ɗan rakiya. Ga shi kuwa dokokin da dama baƙi ne. Kundin dokokin laifi da Jihar Arewa ta yi a 1959 daga na Sudan aka kwaikwayo shi, Sudan kuma ta samo nata daga wanda Turawan Ingila suka yi wa Indiya a 1860. Rigar aro ba ta zama daidai sai maɗinki ya san jikin mai sa ta.

Mu ɗauki maganar gona. Dokar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Ɗalibi ya karanta wannan, ya ci jarrabawa. To, ranar da manoma biyu suka gurfana, wannan ya ce jingina ce kakansa ya bayar, wancan ya ce saye ne, babu takarda, sai shaidar dagaci da dattawa, ina zai kama? Wanda bai san bambancin gandu da gayauna ba, bai san aro da jingina ba, bai taɓa ganin burtali ba, yana iya raba zumuncin shekara 50 da hukuncin yini ɗaya.

Saboda haka ya kamata a riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka, su zauna fadar hakimi da kotun alƙali, su ji yadda ake sulhu, su kuma iya yi wa talaka bayanin doka da harshensa.

Ku kuma da kuka yaƙi jahilci, in 'ya'yanku masu wannan karatu sun zo hutu, ku zaga da su iyakar gona, ku gaya musu tarihinta. Wannan darasi a hannunku yake.