Joi da Akun Sarki

A fim ɗin Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve (2017) akwai wata mace mai suna Joi wadda ba ta da jiki. Hoto ce da wata na'ura ke haskowa daga rufin ɗaki. Tana ganin maigidan, K, tana jin muryarsa, har ta sauya sutura don ta faranta masa. Masu sharhi sun fi tsayawa a kan ko son da take masa na gaske ne. A ganinmu akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wa take yi wa aiki?

Mai karatu a Sandamu ko Daura ya san irin wannan halitta tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937). Aku ma ba mutum ba ne, amma yana da ido da kunne a fada. Ya karanci zuciyar Musa ɗan sarki, ya riƙa tsare shi da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Sai dai Imam bai ɓoye mana ubangidan Aku ba: Sarki Abdurrahman ne ya bar masa amana.

Joi kuwa hajar kamfanin Wallace ce, kuma ta na'urarta aka riƙa bin sawun K, har ita da kanta ta ce ya karya eriyar. A nan naman labarin yake, amma fim ɗin ya taɓa shi sama-sama ya koma kan hawaye. Alhali ba almara ba ce zalla: a 2019 aka bankaɗo cewa ma'aikatan Amazon na sauraron wasu muryoyin da Alexa ke naɗa a gidajen mutane.

K gwauro ne a ɗaki guda, sirrinsa kaɗai yake kasada da shi. A kawo Joi gidan Bahaushe mana, inda baƙo ke tsayawa a zaure sai an amsa masa sallama. Ita ga ta a tsakar gida, ta ji rigimar kishiyoyi, ta san ranar da ba a ɗora tukunya ba. Marubucinmu da zai ɗauki wannan jigo, nan ya kamata ya fara: wa ya yi mata iso, kuma amarya za ta cire mayafi a gabanta?