Harshen Inji da Harshen Lebura: Sharhi kan Ƙamusoshi da Hausar Masana'antun Kano

Gabatarwa

Akwai wata magana da ake yawan faɗi game da baƙin da ke zuwa aiki Nijeriya, watau wai duk wanda ya iya Ingilishi ya gama da ƙasar, ko da yake harsunanta sun kai wajen 500. Bajamushen injiniya da aka aiko ya kafa inji a Sharada yana iya gaskata wannan magana. Yakan karanta littafin injin da Jamusanci, ya yi wa manaja bayani da Ingilishi, bayan 'yan makonni ya hau jirgi ya koma gida, ko "sannu" bai koya ba. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa Hausa ce ta ɗauke wa baƙon nan nauyin da bai ji ba, kuma ayyukan ƙamus da na ƙirƙirar kalmomi ba su ba wannan Hausar haƙƙinta ba.

Harsunan cikin masana'anta

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun zamanin mulkin Turawa. Sharada da Challawa sun biyo baya ne bayan kafa Jihar Kano a 1967. A cikinsu an yi saƙa da jima da robobi da alewa da tatsar man gyaɗa, kafin da yawa su durƙushe daga tsakiyar shekarun 1980. Masu jarin sun haɗa da Kanawa da Kwarori da Indiyawa da Sinawa, ma'aikata kuwa daga kowace kusurwa ta ƙasa suke.

Saboda haka umurni guda yakan ratsa bakuna da yawa kafin ya isa hannun da zai aikata shi. Maƙerin inji ya rubuta da harshensa, wakilinsa ya juya zuwa Ingilishi, manaja ya gaya wa heluma da Ingilishi ko Buroka, heluma kuma ya gaya wa lebura da Hausa. Wannan mataki na ƙarshe shi kaɗai ne ba a rubuce yake ba, alhali a kansa aikin duka ya tsaya. Heluma tafinta ne da ba a horar ba, ba a kuma biyansa ladan tafintanci. Daga bakin irinsu da na makanikai ne kalmomi kamar sifana da sukudireba da bawul da giris da noti da walda suka zauna a Hausa.

Abin da ƙamusoshi suka kama

Ba a rasa ayyukan da suka haɗa Hausa da Jamusawa ba. J. F. Schön ya buga ƙamusunsa na Hausa da Ingilishi a 1876, Adam Mischlich ya fitar da na Hausa da Jamusanci a Balin a 1906, Irmtraud Herms kuma ta fitar da nata a Leipzig a 1987. Sai dai waɗannan duka domin ɗalibin Hausa na Turai aka yi su. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, ya tara kalmomin sana'o'in gargajiya ƙwarai da gaske, amma ya riga masana'antun zamani na Kano zuwa. Sabon Ƙamus na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977 ya cancanci yabo wajen karɓar kalmomin aro na zamani, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma ƙamusun gama-gari iyakarsa ya ba da sunan abu, ba aikinsa ba ne ya bayyana yadda ake sarrafa shi.

Inda zargi ya fi ƙarfi shi ne ɓangaren keɓaɓɓun kalmomi. A 1987 an buga kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara. A 1990 aka fitar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. A 1991 kuma aka buga kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu. Ɗalibi da malami da ɗan majalisa kowa ya sami rabonsa ke nan, ban da mai tsayuwa gaban inji. Daɗin daɗawa, tsarin aikin daga sama yake gangarowa: masana su zauna su ƙirƙiro, ba a fara da tattaro abin da ma'aikata suka riga suka raɗa ba.

Abin da giɓin ke jawowa

A ɗauki jima, wadda Challawa da Sharada suka shahara da ita. Majemin gargajiya yana da sunan kowane abu, daga toka har bagaruwa, ya kuma san halinsu. A jimar zamani kuwa, wadda kamfanonin Jamus irin su BASF da Bayer suka kasance a da cikin manyan masu haɗa mata magunguna, ana tuje gashi da farar ƙasa da sodiyam salfaid, daga baya a jiƙa fata cikin asid da gishiri kafin a sa mata kuromiyam. Idan ruwan salfaid ya gamu da na asid, sai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi. In ta yi yawa takan kashe ƙarfin jin wari tukuna, sannan ta kashe mutum cikin 'yan mintoci. Gargaɗin wannan yana rubuce a takardar da ke biye da duro, da harshen da lebura ba ya karantawa. Hausar yau da kullum kuwa "magani" da "sinadari" da "kemikal" take da su, kuma babu ɗayansu da ya bambance abin da za a haɗa da wanda ba za a haɗa ba.

Misali daga Jamus

Jamusawa su kansu sun gamu da irin wannan matsala bayan da suka ɗebo ma'aikata daga Italiya tun 1955 da Turkiyya tun 1961. Masana harshe na Jami'ar Heidelberg, cikinsu har da Wolfgang Klein da Norbert Dittmar, sun ɗauki muryoyin ma'aikata Italiyawa da Sifaniyawa, suka buga sakamakon farko a 1975. Sun ɗauki maganar ma'aikaci a matsayin abin da ya isa a yi masa nazari, da nufin gyara yadda ake koya masa harshe.

Kammalawa

Abin da ya rage wa sassan Hausa na jami'o'i, musamman ɗaliban digiri na biyu da na uku, a fili yake. Na farko, a shiga Bompai da Sharada da Challawa da rikoda, a nemi tsofaffin helumomi da suka yi aiki a shekarun 1970, domin suna ƙarewa da abin da suka sani. Na biyu, a tsara ƙaramin ƙamus ga kowace sana'a, mai bayyana aiki da haɗari tare da suna. Na uku, a fassara gargaɗin da ke jikin inji da duro, da boko da ajami. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ke tsakanin takardar maƙeri da kunnen lebura kuwa ran mutum ne ke faɗawa cikinta.