Jinjina Ga Malaman da Ke Rainon Yaro Daga Nazare Har Sakandare

Akwai makarantu masu zaman kansu da ba a yaba wa malamansu yadda ya kamata: waɗanda ke karɓar yaro yana ɗan shekara 3, su riƙe shi har ya zana jarrabawar WAEC ko NECO. Bayan nazare, shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, duk a haraba guda.

Malamar da ta koya masa riƙe fensir tana nan ranar da ya fara shiga ɗakin gwajin kimiyya. In lissafi ya gagare shi a sakandare, an san inda gizo ke saƙar tun daga firamare, sai a gyara da wuri. Ba a jira sai sakamako ya fito babu kiredit 5 ɗin da jami'a ke nema, har da Turanci, sannan a hau salati.

A Kano, Kaduna da Zariya, da yawansu sun haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tarbiyyar da babu ita a manhaja: manyan ɗalibai su tsallakar da ƙanana titi, yaro ya tsinci kuɗi ya kai wa shugaban makaranta, malami ya hana satar amsa ko da iyaye za su fusata su cire 'ya'yansu. Wannan kam sai mai ƙarfin hali, domin daga kuɗin da iyayen nan ke biya albashinsa yake fitowa.