Ɗan Wasa Da Ƴan Kallonsa: Nazari Kan Watsa Free Fire Kai Tsaye

Wanda ya ratsa fadojin samari a Dakoro bayan sallar isha'i zai tarar da shayi bisa wuta kamar yadda aka saba, sai dai kawuna huɗu ko biyar sun duƙufa kan salula guda. Sau da yawa Free Fire ake bugawa ko ake kallo, wasan da kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017. Mutum 50 ake zubawa a tsibiri, a yi ta ɗauki-ba-daɗi na kimanin minti 10 har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya a tsaye. Ba ya bukatar waya mai tsada, shi ya sa ya samu gindin zama a inda jika guda ta sayen intanet abin lissafi ce.

Abin da ya dace a sa wa ido shi ne sabuwar sana'ar da ta tsiro a gefen wasan, wato mai bugawa yana watsa wasansa kai tsaye ta TikTok ko Facebook ko YouTube, yana magana, jama'a na mayar masa da martani a rubuce. Bahaushe bai rasa ma'aunin wannan ba. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin kokawa na farko a Tawa a 1975, kowa ya san ɗan kokawa shi kaɗai ba ya cika fage: sai da makaɗi, da mai kirari, da masu kari, da tsohon da ke tuna kayen shekarun baya. Mai watsa wasa ya haɗa aikin ɗan kokawa da na mai kirari a baki ɗaya, kuma a nan ne da yawansu ke faɗuwa. Hannu ya iya harbi, baki bai iya komai ba sai “ku turo kyauta”. Maroƙin gargajiya ko ba komai ya san sunan kakanka kafin ya miƙa hannu.

Manyan kamfanoni ma sun yi wannan kuskure da kuɗi masu yawa. A 2019 Microsoft ta ɗauko Ninja, shahararren ɗan wasan Fortnite na Amurka, daga Twitch zuwa dandalinta na Mixer, da zaton taron zai biyo shi. Taron bai biyo yadda aka zata ba, aka rufe Mixer a Yulin 2020. Mutane sun saba da junansu a wancan zauren, da barkwancinsu da faɗace-faɗacensu, kuma wannan ba ya shiga yarjejeniyar ciniki.

Ƙa'idar Free Fire kanta ta tanadi gwaji mai kyau. Idan ana wasan mutum huɗu-huɗu aka kayar da ɗaya, bai mutu nan take ba, yana rarrafe yana jiran abokinsa ya zo ya tashe shi. A ganina, a wannan ɗan lokaci ake gane mai watsa wasan da ya cancanci a kalla. Wani yakan bar ganima ya koma cikin ruwan harsashi saboda yaron da ya shigo ƙungiyarsa daga cikin ƴan kallo, ya kira sunansa, ya yi masa bayani da Hausar da zai gane. Wani kuwa sai ya mai da shi abin dariya gaban ɗaruruwan mutane, alhali ya san laifin na layi ne: ɗan wasan da ke Dakoro yakan danna harbi, saƙon bai kai ba har an riga an kayar da shi. Yaron da aka yi wa haka gobe ba zai dawo ba, kuma da shi za a rasa sauran mutum huɗun da ke leƙen wayarsa a fada.