Tsirkiya Mai Kauri: Abin da Waƙar Hausa a Legas Za Ta Ɗauka daga Kiɗan Metal

Tun farkon ƙarni na 20 Hausawa suke zaune a Agege, cinikin goro da tashar jirgin ƙasa suka ajiye su a can. A kan titin da ya ɗauki sunan unguwar, Agege Motor Road, a lamba 14 ta wajen Mushin, Fela Kuti ya kafa gidansa na Kalakuta, wanda sojoji suka ƙona a 1977. Kiɗan da ya fito daga gidan nan a kan jitar bes yake tsaye: makaɗi ya kama ɗan gajeren zubi, ya yi ta juya shi minti goma ko fiye, ƙahoni da ganguna suna kai da komo a kansa. Har yau ana jin irin wannan a New Afrika Shrine da aka buɗe a Ikeja a 2000, tafiya kaɗan daga Agege. Duk da wannan maƙwabtaka, waƙar Hausa ta situdiyo da ake ji a shagunan Zangon Agege da Idi-Araba da Mile 12 kusan duk fiyano ne ke yi mata ƙasan kiɗa. A ganina inda ya fi dacewa a koyi gyaran wannan shi ne wurin da ba a zata ba, wato kiɗan metal mai sarƙaƙiya da Turawa ke kira furogiresif, domin makaɗansa ne suka fi kowa shan wahalar tambaya guda: ta yaya amo mai kauri zai kai kunnen mai sauraro?

Jitar bes da Leo Fender ya fitar a 1951 tsirkiya huɗu gare ta, tsawon kowace inci 34, mafi kaurinsu tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa. Da masu jitar metal suka fara gangarowa ƙasa, har ƙungiyar Meshuggah ta ƙasar Suwidin ta koma jita mai tsirkiya takwas, sai suka shigo gonar mai bes, dole shi ma ya ƙara nutsewa. Tsirkiya ta biyar tana kai shi karkarwa 31 a daƙiƙa, John Myung na Dream Theater kuwa shida yake riƙewa. Amma tsirkiya in ta yi kauri haka sai ta saki, amonta ya dagule. Kamfanin Dingwall na Kanada ya magance wannan da karkata gaɓoɓin wuyan jitar, yadda tsirkiya mafi kauri za ta kai inci 37 ta ɗaure tamau, mafi siriri ta tsaya a 34. Bayan wannan duka wata matsalar na nan: ƙaramar lasifika, irin ta waya, ba ta iya fitar da amo mai zurfi haka. Dabarar da suka tsaya a kai ita ce raba amon gida biyu. Na ƙasa a bar shi tsaf, na sama a gurje shi ya yi kaushi, sannan a haɗe. Kaushin nan yana haifar da ƙananan amo a sama, kunne kuma da ya ji su sai ya cike kaurin da lasifikar ta kasa bayarwa. Kamfanin Darkglass na Finlan da fedojinsa na gurzar amo, da Adam Getgood da ya yi bes a ƙungiyar Periphery, a kan wannan suka yi suna.

Bahaushe bai kamata wannan dabara ta zame masa baƙuwa ba. A dubi kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak, sai wani ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba a ƙarshen sandar. Ana taɓa tsirkiyar zobban nan suke karkarwa, su lulluɓe amon da ziza. In an cire su, abin da zai rage ɗan amo ne da hayaniyar kasuwa za ta haɗiye. Da su kuwa kowane kaɗi yana da baki, yana ratsa taro. Garayar mafarauta ma ana sa mata irin wannan ƙarfe. Wanda ya fara ɗaura zobba a kayan kiɗa da injiniyan Darkglass da ya ƙera feda a Helsinki abu ɗaya suka gano, cewa tsaftataccen amo ba ya tafiya da nisa.

Kayan aiki rabin magana ne, sauran tana hannu. Justin Chancellor na ƙungiyar Tool da ɗan tsinken roba yake kaɗa jitarsa ƙirar Wal, shi ya sa farkon kowane amo ke fita da kaifi. Myung da yatsu yake yi, har uku in gudu ya kai gudu. Da yawansu suna sauke tsirkiya kusa da gaɓoɓi da gangan, don in an doke ta ta bugi ƙarfen ta yi ƙas, abin da malamin jita na gargajiya zai kira kuskure. Abin da ya fi duka wuya shi ne kashe amo: tsirkiyar da ba a kaɗawa dole a danne ta da babban yatsa ko gefen tafi, in ba haka ba kaushin zai tona kowace karkarwa. Sai kuma lissafi. A waƙar "Schism" ta 2001 zubin bes yana musanya bugu biyar da bugu bakwai. Meshuggah kuwa mai gangarsu Tomas Haake yana riƙe bugu huɗu da hannu, ƙafafunsa da bes suna bin wani zubi mai tsawo daban, su rabu su sake haɗuwa. Kunnen da ya tashi da kalangu, inda ƙaramar ganga ke riƙe ƙasa babba tana yawo, ba zai ɓata a nan ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda faifanta Kaani ya zaga duniya a 2013, ta nuna haka da jita da bes, kuma Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su. Makaɗin jita Mdou Moctar ma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon situdiyon Hausa, kafin ya kai ga kiɗa mai nauyi na Afrique Victime a 2021, inda Mikey Coltun ya riƙe masa bes.

Za a ce wannan duk zancen masu kuɗi ne. Gaskiya ne Dingwall ɗaya ta haura dala 1,000, saurayin da ya shiga kasuwar Alaba a Ojo kuwa ta hannu zai nema, mai tsirkiya huɗu. Sai dai huɗun nan ba abin rainawa ba ne. Chancellor a kan huɗu ya gina sunansa, Geddy Lee na Rush kuma tsohuwar Fender Jazz ta 1972 da ya saya ta hannu ya daɗe yana kaɗawa. Abin da ba a iya kauce masa shi ne sabuwar tsirkiya, domin gumi da damshin Legas suna saurin kashe ƙararta, da kuma daidaita wuyan jitar. Raba amo kuwa ba sai da feda ba. Duk situdiyon da ke da kwamfuta zai iya kwafar layin bes gida biyu, ya tace ɗaya, ya gurji ɗayan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Waƙar Hausa magana ce. Mai sauraron Shata ko Haruna Uji kalma yake bi, ga shi harshen da karin sauti yake rarrabe ma'ana, kaushin bes kuwa yana zama ne kusa da inda muryar mutum take. In aka kwaso shi yadda yake a metal, inda murya kan zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, to za a binne mawaƙi. Wasu kuma sunan metal kaɗai ya ishe su ƙyama, saboda ihu da siffofin da wasu ƙungiyoyinsa ke ado da su. Amsar ita ce ba salon ake cewa a ɗauko ba, hanyar aikin ce, kuma ma'auninta yana wajen Ɗan Maraya: zizar kuntigi tana lafawa in baiti ya zo, ta taso a tsakanin baiti da baiti. Mai bes da ya iya danne tsirkiya zai iya yin haka daidai, abin da maɓallin fiyano da aka tsara tun farko ba kasafai yake yi ba, don sau da yawa nauyin bugunsa ɗaya ne daga farkon waƙa har ƙarshe.

Saura tambayar inda za a samo makaɗan. A Kano wannan zai iya zama cikas, amma a Legas majami'u da ƙungiyoyin juju da na afrobit sun horar da masu bes da yawa, wasunsu da jita mai tsirkiya biyar a hannu. Mawaƙin Agege da ya ɗauki ɗayansu aikin yini guda zai fi buƙatar ya zaunar da shi ya saurari kuntigi da gurmi tukuna, kafin a kunna na'urar naɗa.