Kwana Goma Kafin Firamari: Yadda Likita Ke Ɗaure Karatunsa a Jibiya

Likitan da ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, ya gama hidimar ƙasa, har yanzu likitan kowace cuta ne. In yana so ya ƙware a fanni ɗaya, tiyata ko yara ko haihuwa, sai ya fara cin jarrabawar da likitoci ke kira Firamari. Kwalejin NPMCN da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, tana shirya tata. Kwalejojin Afirka ta Yamma, WACS da WACP, su ma suna shirya nasu. Sau biyu ake zama a shekara, a gaban kwamfuta, kuma tushen ilimin ake tonowa: yadda aka gina jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki, yadda cuta ke ɓata su. Yawancinsa karatun aji biyu da aji uku ne, wanda ya yi tun bai fara shiga ɗakin majinyata ba.

Wanda ke asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika yana da abokan bita, ga manyan da suka riga shi ci. Likitan da ke aiki a Jibiya kuwa layi ne ke jiransa tun hantsi: mutanen gari, na Magama a bakin iyaka, na ƙauyuka, da waɗanda suka tsallako daga wajen Ɗan Isa da Maraɗi. In zaman ya faɗo kusa da ƙarshen damina, ga zazzaɓin cizon sauro, ga yara masu tamowa. Lokacin karatunsa gutsattsari ne, minti ashirin nan, rabin awa can, sai abin da ya samu bayan asuba. Abin sha'awar shi ne yadda yake harhaɗa su.

Abu na farko da yake yi in saura kwana goma shi ne rufe manyan littattafai. Ganong, Last da Robbins, waɗanda ya yi watanni yana bi shafi-shafi, sai su koma gefen tebur, ba ya buɗe su sai in wata tambaya ta tura shi. Daga nan ya ɗauko manhajar jarrabawar ya kasa ta uku: abin da ya zauna daram, abin da ke rawa, da abin da bai taɓa shiga kansa ba. Na farko leƙawa kawai yake yi. Na biyu shi ke cin ƙarfinsa duka. Na uku kuwa yakan bar shi, sai in ya ga yana yawan fitowa a tambayoyin baya. Wannan barin, a ganina, ya fi karatun wuya, domin zuciya kullum tana raɗa masa cewa abin da ya bari shi zai fito.

Kayan aikinsa ba su da yawa: tambayoyin shekarun baya, agogo, farar takarda, da wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Yakan ware tambaya hamsin, ya sa agogo, ya amsa ba tare da ya leƙa komai ba. In ya gama, ba makin ne ya dame shi ba. Kowace tambayar da ya faɗi sai ta shiga ɗan littafin, tare da dalilin faɗuwar. Wata bai sani ba ne kwata-kwata. Wata ya sani, amma ya rikita abu biyu masu kama da juna. Wata kuma idonsa ne ya tsallake kalmar da ta ce "duk daidai ne ban da ɗaya". Kowanne da maganinsa: na farko a buɗe littafi, na biyu a ja layi a jera su gefe da gefe, na uku a rage gaggawa. Zuwa kwana na bakwai, littafin nan ya fi duk wanda ya saya daraja, domin babu komai a cikinsa sai raminsa.

A kan farar takardar ne aka fi ganin gwaninta. Ɗauki tarin jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa hannu, wanda ake kira birakiyal filekzas. Ba ya duba hoto. Ya ɗiga ɗigo biyar daga sama zuwa ƙasa, ya sa musu C5, C6, C7, C8, T1, su ne saiwoyin. Ya haɗa biyun sama, ya bar na tsakiya shi kaɗai, ya haɗa biyun ƙasa, sun zama uku. Kowanne ya tsaga shi biyu, na gaba da na baya, sun zama shida. Ya sake ɗaure su zuwa igiyoyi uku, daga nan manyan rassa biyar su fita su bazu cikin hannu. Kafin shayinsa ya huce ya gama, sannan ya buɗe littafi ya ga inda biro ya kauce. Sai ya sa yatsa a wuri guda ya tambayi kansa: in nan ya tsinke, me zan gani? In saiwoyin sama ne, jaririn nan ne da aka sha wuyar fito da kafaɗarsa, hannunsa ya saki a jikinsa, tafin yana kallon baya. In reshen da ya zagaya bayan ƙashin dantse ne, saurayin nan ne da ya faɗo daga babur, wanda ba ya iya ɗaga wuyan hannunsa. A nan layin Jibiya ke biyan shi lokacin da ya cinye masa, domin abin da wani ke haddacewa a takarda shi ya taɓa shi da hannunsa.

Ba sau ɗaya yake zanawa ba. Yau, jibi, sai kuma bayan kwana huɗu. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko, kuma maimaici mai tazara yana rage ta. Gardi a tsangaya bai jira shi ba, ya san cewa hardar da ba a yi wa tishi zubewa take. Wasu likitocin suna amfani da Anki a waya, ita ke tuna musu tambayar da lokacin maimaita ta ya yi. Amma wanda ya zauna a Jibiya a 2021, lokacin da aka katse layukan waya saboda matsalar tsaro, ya koyi ajiye komai a cikin wayar da kuma a takarda.

Akwai mai tura tarin littattafai a zauren WhatsApp kullum, ya ɗauki hoton teburinsa, ya raba dare yana tambayar ko wani ya ji abin da zai fito. Ba a cika jin muryar mai ɗan littafin a can ba.

In saura kwana uku, ya riga ya yi musayar aikin dare da abokin aikinsa, bashin da zai biya in ya dawo. Yana barci da wuri, don ya san a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta ɗauka da rana. Ya buga takardar shiga, ya haɗa ta da katin shaida. Hanyar Katsina kilomita 40 ce da 'yan kai, amma shingayen bincike na tsawaita ta, kuma ba a binta da dare, don haka da safe yake tashi, da kwana guda a hannu kafin zaman, ko Abuja aka tura shi ko wani birnin. Da ya sauka yakan je ya ga ƙofar cibiyar da idonsa, ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi.

A gaban kwamfutar, ya raba mintunan da yawan tambayoyin kafin ya taɓa ta farko. Yakan karanta jimlar ƙarshe ta tambaya don ya san abin da ake nema, ya kawo amsar a ransa, sannan ya duba zaɓin. Wadda ta turje ya yi mata alama ya wuce. In ya dawo kanta, ba ya canza amsa sai in zai iya faɗin dalilin canjin.